Haƙƙin Jinjiri a Ranar Tsanani: A Ciyar da Uwa, Ita Ta Shayar da Ɗanta



Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya tanadar wa jinjiri abincinsa a ƙirjin mahaifiyarsa tun bai buɗe ido a duniya ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda Halimatus Sa'adiyya ta ɗauka ta shayar a shekarar fari, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana na Tasawa da Mayahi, da na Korgom da Maijirgi da Urafan da Kanambakashe da Sarkin Hausa, da waɗanda ke karanta mu daga wajen bida: kowa a cikinmu ya san watannin nan huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Rumbu ya yi ƙasa, hatsin gona bai nuna ba, tiya ta yi tsada, sauro ya yawaita, ruwan sha ya gauraya da ƙazanta. A cikinsu ne ɗakunan ƙasa ke rushewa, a kwashe iyali zuwa azuzuwan makaranta ko rumfunan zana. Idan haka ta auku, kowa yana da bakin neman agaji. Magidanci zai je wurin mai gari, tsohuwa za ta aika wa ɗanta da ke Agadas ko Kano. Jinjiri kaɗai ne ba shi da magana sai kuka. A kansa nasihar yau take, kuma maza na fi nufi da ita, domin an daɗe ana ɗaukar shayarwa zancen mata na cikin ɗaki, alhali ayar da ta ambaci uwa ita ce ta ambaci uba.

Ga abin da nake kira zuwa gare shi a dunƙule. Idan masifa ta sauka, hanyar ceton jinjiri ita ce a ciyar da uwarsa, a ba ta ruwa mai tsabta, a rage mata wahala, a bar ta ta ci gaba da ba shi nono. Wannan wajibi ne a kan uba, idan ya gaza ya koma kan dangi da jama'a. Raba madarar gwangwani barkatai da sunan sadaka kuwa yana iya zama cutarwa, ko da niyyar mai bayarwa ta yi kyau.

Abin da ƙasarmu ta gani

Ba baƙin tsanani ba ne mu. Kakanninmu sun ba mu labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Dattawanmu sun ga yunwar 1973 da ta 1984. A 2005, bayan fari da fara na daminar 2004, jihar Maraɗi ce ta fi jin jiki. A wannan shekara kaɗai, ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a wannan jiha tamu, kuma akasarinsu ƙanana ne, masu shan nono da waɗanda aka yaye ba da jimawa ba. Daga lokacin ne muka saba ganin ma'aikatan Save the Children a Tasawa, da na Action contre la Faim a Mayahi. Ƙarancin abinci ya sake dawowa a 2010 da 2012.

A watan Yuli na 2018 kwalara ta ɓarke a Madarunfa ta bazu. Tun 2019 dubban 'yan'uwanmu daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako zuwa yankin Gidan Runji da Madarunfa saboda 'yan bindiga, mata da goyo a baya. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, Maraɗi na cikin jihohin da suka fi asara. Tsohon masallacin Damagaram ya rushe a farkon Satumba, komawar yara makaranta ta koma ƙarshen Oktoba.

Yunwa, annoba, gudun hijira, ambaliya: duk wadda ta zo, ƙananan kaburbura ne ke fara yawaita a maƙabarta. Wanda ya san haka bai shirya ba, ba zai kafa hujja da ƙaddara ba, domin riƙo da sababi yana cikin tawakkali.

Abin da shari'a ta ɗora wa kowa

Ku koma ga aya ta 233 a Suratul Baƙara, ku karanta ta da tafsirinta. Hukunce-hukunce da dama ke cikinta. Ta sanya shekara biyu cikakku su zama cikar shayarwa. Ta ɗora ci da suturar mai shayarwa a kan uban jinjiri gwargwadon halinsa. Ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ko uba ta hanyar ɗansa. Ta ambaci magaji idan babu uba. Ta sanya yaye kafin lokaci ya zama da shawara da yardar iyaye biyu. Ta kuma halatta a nemi wata mace ta shayar, a biya ta hakkinta. Aya ta 6 a Suratut Ɗalaƙ ta ƙara da cewa ko an rabu, matar da ke shayar da ɗanka tana da lada a kanka.

Ka lura, ya ɗan'uwa, nono yana jikin uwa, amma abin da ke riƙe da uwar yana rumbunka da aljihunka. Magidancin da zai zauna a teburin mai shayi ya ci burodi da ƙwai, ya sayi tsire da dare, ya bar mai goyo da farau-farau, ya tauye hakki biyu a lokaci guda, nata da na ɗansa. Haka wanda ya tafi bida wata shida bai aiko da ko jika ɗaya ba alhali yana da hali.

A mazhabarmu ta Imam Malik, shayarwa wajibi ce a kan matar da ke ƙarƙashin aure, kamar yadda ya zo a Risalar Ibn Abi Zaid, sai wadda al'adar irinta ba su shayarwa. Ita ma idan jinjiri ya ƙi karɓar kowa sai ita, wajibin ya hau kanta. Shari'a ta kai ga sassauta rukunan addini saboda jinjiri. Mai shayarwa da ta ji tsoro ga ɗanta, ba ta sami wadda za ta shayar mata ba, an yarje mata ta sha azumin Ramadan, ta rama daga baya, ta ciyar da mudun Annabi ɗaya a kan kowace rana. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan shiga salla da nufin tsawaitawa, ya ji kukan yaro, sai ya taƙaita don tausayin uwarsa. Muslim ya ruwaito cewa ya jinkirta haddi ga matar nan Bagamidiya har sai da ta haihu, ta shayar, ta yaye. Idan azumi da tsawon salla da haddi sun jira jinjiri, to noman gandu da daka da ɗiban ruwa sun fi cancantar su jira shi.

Darasin Sayyidina Umar

Ibn Sa'ad ya kawo a cikin Ɗabaƙat cewa wani ayarin fatake ya sauka a Madina, Sayyidina Umar da Abdurrahman bin Auf, Allah Ya yarda da su, suka kwana suna gadinsa. Cikin dare Umar ya yi ta jin kukan wani jinjiri. Ya je wurin uwar har sau uku, a na ƙarshe ya yi mata faɗa. Ita kuwa ba ta san ko wane ne ba, sai ta gaya masa cewa yaye take yi masa da ƙarfi, domin Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba Umar ya ja salla, kuka ya rinjayi karatunsa. Da ya sallame ya zargi kansa da halaka 'ya'yan Musulmi, ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye, domin daga ranar kowane jinjiri yana da kaso tun daga haihuwa. Ya rubuta haka zuwa sauran garuruwa.

Umar bai hana kowa shayarwa ba. Tsarin rabonsa ne ya cire jinjiri daga nono bai sani ba, kuma da ya gane sai ya gyara tsarin, bai ci gaba da zargin matar ba. Irin wannan yana faruwa a yau. Idan masu agaji suka zo suka ce gwangwanin madara na uwar da ba ta da nono ne, talauci zai sa uwaye da yawa su ce ba su da shi, domin gwangwani abu ne mai kuɗi. Wadda ta karɓa ta fara haɗa wa ɗanta, zai rage tsotso, nono ya ragu, kafin wata guda maganar da ta faɗa don neman taimako ta zama gaskiya. Sannan gwangwani ya ƙare, masu agaji sun tafi.

Saboda haka duk mai hannu a rabon taimako, mai gari ne ko kwamitin masallaci ko ɗan kasuwa mai fitar da zakka, ya bi sunnar Umar. A ƙidaya jinjiri a cikin mutanen gida tun ranar haihuwarsa, a miƙa kasonsa ga uwarsa a matsayin hatsi da wake da mai da sabulu. Mai shayarwa ta sami ƙari saboda tana shayarwa.

Me ya sa madarar gwangwani ke da haɗari a lokacin masifa?

Madarar jarirai ba haramun ba ce, kuma akwai jinjirin da ba shi da wata hanya sai ita. Amma tana da sharuɗɗa. Sai an tafasa ruwa a kowane haɗi, an wanke mazubi da sabulu, an auna gari daidai da abin da aka rubuta, an zubar da abin da ya rage bayan awa biyu. Jinjiri ɗaya yana buƙatar kimanin gwangwani 40 masu nauyin giram 500 a watanninsa shida na farko. Yanzu ka dubi matar da ɗakinta ya rushe, tana kwana a aji ɗaya da iyalai biyar, itace ya jiƙe, rijiya ta cika da ruwan kwari, masai ya tumbatsa. Ina za ta cika waɗannan sharuɗɗa? Za ta haɗa da ruwan da ta samu, ta tsinka don ya daɗe, ta zuba a kwalba mai kan roba wadda ƙuda ke bi. Abin da ke biyo baya zawo ne, zawo kuwa yana iya ƙarar da ruwan jikin jinjiri a cikin yini ɗaya ko biyu.

An gwada an gani. A watan Mayu na 2006 girgizar ƙasa ta auka wa Yogyakarta a Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. Masu tausayi suka yi ta aika madarar jarirai ana rabawa gida gida. Binciken da aka yi bayan haka ya nuna kashi 25 cikin 100 na yaran da aka ba gidajensu madarar sun yi zawo a mako guda, alhali a sauran bai kai kashi 12 ba. A farkon wannan shekara kuma, ruwan sama mai yawa ya gurɓata ruwan sha a Botsuwana, zawo ya kashe yara fiye da 500, kuma aka tarar mafi yawan waɗanda cutar ta kwantar ba sa shan nonon uwa. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar da ta taƙaita tallan irin wannan madara, kuma ƙa'idar masu aikin agaji a yau ita ce kada a karɓi kyautarta don rabawa jama'a. Jami'an lafiya ne za su tantance jinjirin da ke buƙata, su ba shi ba yankewa, su koya wa mai rainonsa shayarwa da kofi, domin kofi ya fi kwalba sauƙin wankewa.

Madarar gari ta shayi da madarar ruwa mai sukari kuwa, waɗannan ba abincin jinjiri ba ne ko kaɗan. Ƙa'idar fiƙihu sananniya ce, kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani. Kada garin neman gira a rasa ido.

Nonon uwa shi ba ya buƙatar itace ko tukunya, yana fitowa da tsabtarsa da ɗuminsa, kuma yana ɗauke da kariya daga cututtukan da ke kewaye da uwar. Mujallar likitanci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa da shayarwa ta game duniya yadda ya kamata, da an tsirar da yara fiye da 800,000 kowace shekara. A Nijar, binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 kaɗai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Matanmu suna shayarwa, alhamdu lillahi. Abin da muke haɗawa da nonon ne ke kawo ɓarna.

Maganganu biyar da ya kamata mu sake dubawa

Ta farko: nono ya ƙafe saboda firgita ko yunwa. Masana lafiya sun tabbatar cewa tashin hankali yana iya jinkirta zubowar nono na ɗan lokaci, amma ba ya tsayar da samuwarsa. Tsotso ne ke kiran nono. Gwargwadon yawan sa jinjiri a ƙirji, dare da rana, gwargwadon yawansa. Uwar da ba ta ƙoshi sosai ba ma tana samar da nono, jikinta ne ke biyan bashin. Maganin abin shi ne a ƙara mata kamar kwano ɗaya na abinci a yini, a ba ta ruwa, a kwantar mata da hankali. Ko wadda ta daina shayarwa na wasu makonni tana iya dawo da nononta idan ta dage da sa jinjiri, tare da taimakon ungozoma ko jami'ar lafiya.

Ta biyu: rana ta yi zafi, a ba shi ruwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ya ishe shi har a zafin Afrilu. Ruwan da za a ɗura masa yana cike ɗan cikinsa ya rage tsotso, yana kuma shigar masa da cuta. Ku tuna ƙissar Hajara da Annabi Isma'ila, aminci ya tabbata a gare shi, a ruwayar Buhari daga Ibn Abbas. Da Zamzam ya ɓuɓɓugo, uwar ce ta sha, nononta ya kawo, ta shayar da ɗanta. Haka ya kamata mu yi: uwa ta sha, jinjiri ya tsotsa, har ya cika wata shida.

Ta uku: dakashi ƙazanta ne, a matse a zubar. Babu aya ko hadisi da ya ce haka. Wannan nono na farko mai kauri shi ne kariyar jinjiri ta farko, shi ya sa ake so a sa shi a ƙirji a cikin awa ɗaya da haihuwa. Taunin dabino da ya zo a sunna ɗan shafawa ne a ganɗa sau ɗaya, ba hujja ba ce ta ɗura wa jinjiri bauri da jiƙe-jiƙe. Wanda ya karɓo rubutu ko ruwan addu'a don jinjiri, uwar ta sha, a tofa wa jinjirin addu'a kamar yadda Annabi yake nema wa Hasan da Husaini tsari. Zuma ma, duk da albarkarta, likitoci sun hana a ba yaron da bai shekara ba.

Ta huɗu: ta sami ciki, nononta ya ɓaci, a yaye yau. A cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, daga Judama 'yar Wahab, Annabi ya yi nufin hana kusantar mai shayarwa, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, sai bai hana ba. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da ke kwantar da yaro shi ne yaye na dare ɗaya, a shafa ɗaci a nono, a kai shi gidan kaka a tsakiyar damina, ya rasa uwa da abinci a rana guda. Idan yaye ya zama dole, a yi shi sannu a hankali, da shawarar iyaye biyu kamar yadda aya ta tsara. Bayar da tazara tsakanin haihuwa don jinjiri ya cika shayarwarsa kuwa, magana ce da ma'aurata za su yi da malami da likita ba tare da kunya ba.

Ta biyar: uwa ko ɗa ba lafiya, a dakatar da nono. Masassara ko zawo, har kwalara, ba sa hana shayarwa. Uwa ta wanke hannu da sabulu ta ci gaba. Yaro mai zawo a ƙara masa nono, a kai shi gidan likita a karɓo garin haɗa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink.

Na san wata daga cikin iyayenmu mata za ta ce: mu da ruwa da bauri muka raini goma, ga su nan sun girma. Allah Ya saka muku da alheri, iyayenmu, wahalarku ba ta ɓoyu ga kowa ba. Amma a yi lissafin duka, waɗanda suka girma da waɗanda aka rufe tun ba su yi haƙori ba. Ajali na Allah ne, kuma Shi ne Ya umurce mu da neman sani da magani.

Maraya da wanda uwarsa ta gaza

Idan uwa ta rasu, ko ciwo ya kwantar da ita, Musulunci yana da mafita tun kafin a ƙera gwangwani. Suwaiba da Halima sun shayar da Annabi. Ɗansa Ibrahim an kai shi wurin Ummu Saif, matar wani maƙeri a Madina. Shayar da ɗan wani sunna ce da muka fara jin nauyinta, ya kamata mu raya ta. Jinjirin da zai halaka idan ba a shayar da shi ba, ceton ransa farilla ce a kan jama'ar wurin. Idan wata ta ɗauka ta sauke wa kowa, idan aka bar shi kowa ya yi laifi. Wadda ta ɗauka kuwa, ciyar da ita yana kan uban yaron ko danginsa, in ba su da hali jama'a su ɗauka.

Sharaɗi biyu nake jaddadawa. Na ɗaya, a fara zuwa gidan likita a duba lafiyar mai shayarwar, har da gwajin cutar sida, cikin sirri da mutunci. Na biyu, a rubuta, a kuma bayyana. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta haramta auren uwar shayarwa da 'yar'uwar shayarwa. A mazhabar Malik ko tsotsa ɗaya ce ta isa cikin jinjiri a shekarun shayarwa, haramci ya tabbata, ko da an tatsa ne an ba shi a kofi. Mijin matar ya zama ubansa, 'ya'yansu sun zama 'yan'uwansa, amma haramcin bai shafi 'yan'uwan jinjirin na jini ba. Buhari ya ruwaito yadda Uƙba bin Haris ya rabu da matarsa bayan wata mace ta ce ta shayar da su duka biyu. Don gudun irin haka, kowane masallaci ya ajiye littafi: sunan jinjiri, sunan wadda ta shayar da na mijinta, kwanan wata, da shaidu. A wurin da aka tara 'yan gudun hijira ko waɗanda ambaliya ta kora, inda jama'a za su watse bayan 'yan watanni, wannan rubutu ya fi zama dole.

Bayan wata shida

Daga wata shida nono kaɗai ba ya isa, amma ba a dainawa har shekara biyu. Kunun hatsi tsararo yana cika ciki ba ya gina jiki. A yi shi da kauri, a sa garin ƙuli-ƙuli ko na wake, da ɗan man gyaɗa, da garin zogale, da ƙwai ko nonon akuya da aka tafasa idan an samu. Yaro ya sami kwanonsa daban, kada a haɗa shi da yayyensa masu saurin hannu.

Ku karɓi ɗan ma'aunin damtse mai launi uku da jami'an lafiya ke rabawa. A Mirya ta jihar Damagaram aka gwada koya wa uwaye yin awon da kansu, aka ga suna iyawa. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, ko ƙafafun yaro biyu suka kumbura, a kai shi gidan likita a ranar. Tun 2006 hukuma ta zartar da duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati. Kada maigida ya ce sai ya dawo daga gona ko daga tafiya. Ya ba iyalinsa izini tun yanzu.

Abincin tamowa na cikin leda, Plumpy'Nut, magani ne da aka auna wa yaro ɗaya. Amana ce a hannun iyaye. Sayar da shi a kasuwa, ko saye, ko raba wa lafiyayyu, ko babba ya sha da shayi, cin hakkin mai rauni ne, kuma wanda ya san asalinsa ya saya ya yi tarayya a zunubin.

Aikin da ke gabanmu kafin ruwa ya yi ƙarfi

Maigida, ka ware wa mai goyo tiyoyin wake da gyaɗa tun yau, ka ɗauke mata aikin gandu da ɗiban ruwa mai nisa. Uwar miji, maganarki ce ake ji a cikin gida, ki zama garkuwar jikanki. Mai hali, kuɗin da ka yi niyyar sayen katan na madara, ka sayi hatsi da wake da mai da sabulu da gidan sauro, ka ba masu shayarwa. Idan ka san maraya, ka kai shi wurin jami'an lafiya ka ɗauki nauyin abin da suka rubuta har ƙarshe. Masu gari da kwamitocin masallatai, ku san adadin masu ciki da masu goyo a unguwanninku. In an tara jama'a a makaranta ko fili, a kewaye wa mata wuri da zana ko tabarma, kusa da ruwa mai tsabta, inda za su shayar cikin sutura, kuma a fara sallamar su a layin rabo. Kada a raba uwa da jinjirinta. 'Yan'uwana limamai, mu faɗi wannan a mumbari da wurin raɗin suna, inda maza ke taruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Annabi ya taɓa nuna wa sahabbansa wata mace cikin kamammun yaƙi, tana neman ɗanta, duk jinjirin da ta samu sai ta rungume shi ta ba shi nono. Da ita ya buga musu misali cewa rahamar Allah ga bayinSa ta fi tata ga ɗanta. A tsakiyar tashin hankali aka ga wannan mace, kuma da ita aka kwatanta rahamar Ubangiji. Mu taimaki irinta a cikinmu, ko Allah Ya dube mu da wannan rahama.

Wanda ya karanta, ya karanta wa iyalinsa da waɗanda ba su iya karatu ba, ya kuma tura wa wasu.

Ya Allah Ka ba mu damina mai albarka, ruwan rahama ba na azaba ba. Ka kiyaye gidajenmu da gonakinmu, Ka raya mana zuriya a kan Musulunci, Ka ba marasa lafiya lafiya, Ka mayar da 'yan gudun hijira gidajensu cikin aminci, Ka jiƙan iyayenmu mata da suka shayar da mu. Allah Ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.